Igiyar sana'ar fasaha a Zariya: wacce ke hannun Abuja, wacce ke hannun Kaduna?

Kwanakin baya na tsaya shagon wani ƙanena mai gyaran waya da kwamfuta a wajen PZ a nan Zariya, na tarar ana musu. Wani matashi da ya gama karatun kwamfuta a Jami'ar Ahmadu Bello yana cewa shi kam ya haƙura da Zariya, Abuja zai nufa ko Legas, domin a can ake yin dokokin da ke tallafa wa masu irin sana'arsa. Mai shagon bai ɗago daga wayar da yake kwancewa ba, ya ce masa, "Allah ya ba da sa'a. Amma ni tun da na buɗe shagon nan ban taɓa ganin mutumin Abuja ya zo mini da rasit ba. Masu zuwa, ko daga ƙaramar hukuma suke, ko daga Kaduna." Na tafi da maganar a raina, domin ta taɓo wani abu da muke yawan tsallakewa. Idan ana batun dokokin fasahar zamani, idonmu na kan Majalisar Tarayya da hukumar bunƙasa fasahar zamani ta NITDA da hukumar kula da sadarwa ta NCC. Alhali abin da ke sa shago ya rayu ko ya rufe a Samaru ko Tudun Wada, da yawansa a Kaduna ake yanke shi.

Rabon ikon yana cikin kundin tsarin mulki na 1999. Akwai jerin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai ke da hurumin yi wa doka, kuma sadarwar waya na ciki, haka bankuna, da rajistar kamfanoni, da haƙƙin mallakar fasaha. Shi ya sa babu gwamnan da zai ba MTN ko Airtel lasisi, babu majalisar jihar da za ta tsara wa OPay ko Moniepoint yadda za su riƙe kuɗin mutane. To amma turken sadarwa a kan ƙasa ake kafa shi, wayar intanet kuma a gefen titi ake binne ta, kuma tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 filayen kowace jiha suna hannun gwamnanta ne a matsayin amana. Harajin albashin ma'aikata na jiha ne. Izinin gini na jiha ne. Kuɗin shago da na allon talla na ƙaramar hukuma ne. Lasisin na Abuja, amma ƙasar da za a taka ta Kaduna ce.

Mu fara da dokar da matashin nan yake hange. A ranar 19 ga Oktoban 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar kamfanonin fasaha masu tasowa, lokacin Farfesa Isa Ali Pantami yana ministan sadarwa. Dokar ta tanadi wata shaida da NITDA ke bayarwa, wadda duk kamfanin da ya samu zai iya neman sauƙin haraji, da horo, da shiga asusun jari da aka ce za a riƙa zuba masa aƙalla naira biliyan 10 duk shekara. Sharuɗɗan ba ɓoyayyu ba ne: kamfanin ya zama mai cikakkiyar rajista a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, bai wuce shekara goma da kafuwa ba, aƙalla kashi ɗaya cikin uku na hannun jarinsa na ɗan Najeriya ne cikin waɗanda suka kafa shi, kuma aikinsa ya kasance ƙirƙira ko bunƙasa wani abu na fasahar zamani. Wanda sunan kasuwanci kawai ya yi wa rajista, ana iya ba shi matsayin wucin gadi na wata shida kafin ya cika sharuɗɗan.

A nan ne ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya. Mai POS a Kwangila, da mai gyaran waya a Sabon Gari, da mai shagon buga takardu da cike fom a bakin ƙofar jami'a, da mai cibiyar jarabawar JAMB, duk ba su ne dokar ke nufi ba. Su ne kuwa mafi yawan masu cin abinci da fasaha a garin nan. Dokar ta ɗan tsirarun da ke rubuta manhaja ce, ko suke haɗa wata na'ura sabuwa. Ba aibu ba ne, haka aka tsara ta. Amma kuskure ne a riƙa yi wa matasa bayaninta kamar wata rijiya da kowa zai jefa guga.

Kaduna na cikin jihohin da suka fara yunƙurin sauko da wannan doka zuwa matakin jiha a 2023, a ƙarshen mulkin Malam Nasir El-Rufa'i, bayan ta riga ta kafa Ma'aikatar Kasuwanci, Ƙirƙira da Fasaha tun 2019. Abin tambaya shi ne, me jiha za ta iya bayarwa wanda tarayya ba ta bayar ba? Ba za ta yafe harajin kamfani ba, don ba nata ba ne. Abin da ke hannunta shi ne fili, da sauƙin izinin gini, da rangwamen kuɗin rajistar wurin kasuwanci, da ɗan asusun jari, sai kuma wanda ni a ganina ya fi su duka: ta zama mai saye. Zan dawo kan wannan.

Matakin da ya fi kowanne nauyi da Kaduna ta ɗauka a wannan fage, ba shi da suna mai ɗaukar ido, kuma da wuya ka ji ana hirarsa a majalisar shayi. Shi ne batun kuɗin izinin shimfiɗa waya a gefen hanya. Duk kamfanin da zai haƙa ya binne wayar fiba, wato wayar gilashin da ke ɗauke da intanet mai gudu, sai ya biya jiha kuɗi a kan kowace mita. Tun 2013 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa ta amince a tsaya a naira 145 kowace mita, amma jihohi da dama suka yi kunnen uwar shegu, wasu suna karɓar dubbai. A watan Mayun 2020 Ekiti ta sauko daga naira 4,500 zuwa 145. A watan ne Kaduna ta wuce nan, ta yafe kuɗin gaba ɗaya.

Lissafin zai nuna girman abin. Kilomita goma mita dubu goma ke nan, kwatankwacin abin da za a buƙata a haɗa wata unguwa ta bayan gari da tsakiyar Zariya. A farashin naira 4,500, kuɗin izini kaɗai naira miliyan 45 ne, tun ba a sayi waya ba, ba a ɗauki lebura ko ɗaya ba. A farashin 145 ya koma miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu da hamsin. A Kaduna ya zama babu. Jihar da ta yafe wannan ta gane cewa kuɗin da za ta tara daga haƙa rami sau ɗaya bai kai harajin da za ta riƙa samu ba idan kasuwanci ya bunƙasa a kan wayar. Na yaba wa wannan mataki a lokacin, har yau kuma ina yaba masa.

Sai dai ba a nan kaɗai gizo ke saƙar ba. Yafe kuɗin izini ba ya tilasta wa kamfani ya zo. Kamfani yana bin inda zai mayar da kuɗinsa, shi ya sa wayar ke fara bin unguwannin masu hali da manyan ofisoshi na cikin Kaduna, ta biyo babbar hanya, ta shiga harabar jami'a, amma ta bar lungunan cikin ganuwa da ƙauyukan Soba da Kudan da Makarfi suna dogaro da turke ɗaya da kowa ke rububinsa. Tsarin intanet mai gudu na ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya sa burin kai shi ga kashi 70 cikin ɗari na jama'a, kuma duk wanda ya taɓa yawo da waya a hannu yana neman sabis a wajen gari ya san tazarar da ke tsakanin buri da ƙasa. Akwai kuma wata ɓarna da jiha ce kaɗai za ta iya hanawa: yankan waya lokacin aikin hanya. Katafila ɗaya ta ɗan kwangila na iya tsinke abin da aka kashe miliyoyi aka binne, unguwa ta kwana biyu ba sabis, mai POS ya zauna yana ba mutane haƙuri. A 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan umarnin da ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa. Amma mai ba da kwangilar hanyoyin cikin gari jiha ce. Idan ba a rubuta wa ɗan kwangila a takardarsa cewa ya tuntuɓi masu waya kafin ya haƙa ba, kuma ya biya idan ya yanke, umarnin Abuja zai tsaya a takarda. Da a ce duk sabuwar hanyar da aka yi a Zariya ƙarƙashin shirin sabunta birane an bar mata bututun waya a gefe tun farko, da an huta da haƙa sau biyu.

Hannun da ya bayar kuma shi ne ke iya karɓewa, kuma mun gani a 2021. A ƙarshen Satumban shekarar, bayan Zamfara ta fara, gwamnatin Kaduna ta nemi a katse layukan sadarwa a sassan jihar da 'yan bindiga suka addaba, irin su Birnin Gwari, aka kuma hana hawa babur. Sai a ƙarshen Nuwamba aka maido da sabis. Ba na raina dalilin da aka bayar, domin rai ya fi kasuwa, kuma mutanen Zariya sun san zafin satar mutane a cikin gidajensu. Amma darasin da mai jari ya ɗauka daga wannan wata biyun daban ne. Ya ga cewa sana'ar da ta dogara da intanet na iya tsayawa cak da sanarwa ɗaya, ba wa'adin da doka ta ƙayyade, ba diyya, ba wurin kai kuka. Dillalin hatsi da ke tura kuɗi ƙauye ta waya ya koma ɗaukar tsaba a jaka, abin da ya fi haɗari. Legas ma ta yi makamancin haka ta wata fuskar a Fabrairun 2020, lokacin da ta hana babura a manyan sassan birnin, kamfanonin da suka zuba kuɗi a kiran ɗan acaɓa ta manhaja irin su Gokada da ORide suka wayi gari sana'arsu ta karye. Abin da nake so in gani daga Majalisar Dokokin Kaduna shi ne doka da za ta ce, idan har tilas ta sa a sake neman katse sabis, ga wanda zai sa hannu, ga iyakar kwanaki, ga lokacin da za a dawo gaban majalisa a yi bayani.

Yanzu mu zo kan rasit ɗin da ƙanen nawa ya ambata. A 2016 Kaduna ta tattara harajinta cikin doka guda, ta ɗora wa hukumar haraji ta jiha, wato KADIRS, alhakin tarawa, ta kuma hana karɓar tsabar kuɗi hannu da hannu. An sake fasalin dokar a 2020. Kuɗin shigar jihar ya ninka fiye da sau uku tsakanin 2015 da 2019, har ya haura naira biliyan 44. A ƙa'ida wannan tsari gata ne ga ƙaramin ɗan kasuwa, domin duk abin da ba ya cikin jadawalin doka bai kamata a nema a wurinsa ba, kuma biyan ta banki ne ko ta shafin gwamnati. Matsalar ita ce 'yan kaɗan ne suka taɓa ganin jadawalin. Mai kes ɗin POS da ke ƙarƙashin lema bai san ko shi shago ba ne ko tebur, bai san nawa ne nasa a shekara ba, saboda haka duk wanda ya zo da riga mai tambari sai ya ba shi don a rabu lafiya. Ni kaina na taɓa zama a wani shago aka zo karɓar kuɗin allo sau biyu cikin wata guda, daga mutane daban-daban, kowa da takardarsa. Abin da zai kashe wannan ba ya buƙatar sabuwar doka. A fassara jadawalin da Hausa, a liƙa shi a kasuwar Sabon Gari da ta Tudun Wada da ta Samaru, a karanta shi a rediyo.

Manyan kamfanonin sadarwa ma kukansu ke nan, sai dai nasu da manyan alƙaluma. Ƙungiyarsu ta ALTON ta daɗe tana cewa haraji da kuɗaɗe iri-iri har gommai ake ɗora musu tsakanin tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi. A 2022 an ga yadda hukumomin Kogi suka rufe wasu turakun sadarwa kan taƙaddamar haraji, har aka yi fargabar abin ya shafi maƙwabtan jihohi. Duk kuɗin da aka ɗora wa turke, a ƙarshe a kan mai sayen data yake sauka, kamar yadda muka ji a jikinmu da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025.

Sababbin dokokin haraji huɗu da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025, waɗanda aka tsara su fara aiki a Janairun 2026, sun ƙara wa wannan magana muhimmanci. Naira dubu 800 na farko na kuɗin shigar mutum a shekara babu haraji a kansu. Wannan sauƙi ne ga yaran shago da masu koyon sana'a. Amma ga matashin da ke zaune a Samaru ko Hanwa yana yi wa wani kamfani na Ingila ko Amurka aiki ta intanet ana biyansa da dala, ya sani cewa harajin mutum jihar da yake zaune take karɓa. Wato KADIRS ce abokiyar hulɗarsa, ko da bai taɓa taka ofishin kamfanin da yake wa aiki ba. Irin waɗannan matasa suna ƙaruwa a garin nan, kuma su ne jiha ya kamata ta lallaɓa, domin kuɗin waje suke shigowa da shi su kashe a kasuwarmu. Idan aka tarbe su da barazana, kwamfutarsu a jaka take, gobe sai su koma wata jiha. Idan aka ba su hanya mai sauƙi ta bayyana abin da suka samu su biya ta waya, a ba su takardar shaidar biya ba tare da zarya ba, za su zauna.

Ba zan daɗe kan dokar kare bayanan jama'a ta Yunin 2023 ba, don ta tarayya ce, amma duk mai makaranta ko asibiti ko manhajar bashi da ke tara lambar NIN da BVN na mutane ya san cewa tarar na iya kai naira miliyan 2, ko miliyan 10 ga manyan masu riƙe bayanai, ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara idan shi ya fi yawa. Masu shagunan cike fom da ke barin hotunan takardun mutane a kwamfutar da kowa ke taɓawa, su ma su kula. Haka nan jiha ba ta rasa bakin magana ko a abin da ba huruminta ba. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, Kaduna ce tare da Kogi da Zamfara suka kai gwamnatin tarayya Kotun Ƙoli, kotun kuma ta yanke a ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin kuɗi su ci gaba da aiki. Wannan wahalar ce ta koya wa masu kayan miya da masu nama karɓar kuɗi ta waya, ta kuma mayar da POS sana'ar dubban matasa.

Wuta kuwa ita ce uwar tafiyar. A Maris na 2023 aka gyara kundin tsarin mulki aka ba jihohi ikon samar da lantarki da rarraba shi ko a yankunan da babban layin ƙasa ya ratsa, sannan Dokar Lantarki ta Yunin shekarar ta shimfiɗa yadda za a yi. Enugu da Ekiti da Ondo na cikin na farko da suka karɓi ikon kula da kasuwar wutarsu a 2024. Wannan ba ƙaramin sauyi ba ne ga gari irin namu. An cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, janareta ya zama abin da ake kunnawa da lissafi. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A, wato masu samun wuta mafi tsawon lokaci a rana, zuwa naira 225 kowane ma'auni. A Oktoban shekarar kuma, da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, yawancin Arewa ta yi kwanaki cikin duhu, masu cajin waya da janareta suka zama su ne ake layi a wurinsu. Mai rubuta manhaja ba ya buƙatar wutar masana'anta. Yana buƙatar wadda ba za ta ɗauke ba yana tsakiyar ganawa da wanda ya ba shi aiki. Ƙaramar tashar sola da za ta ciyar da layin shaguna ɗari a PZ ko rukunin gidajen ɗalibai a Samaru abu ne mai yiwuwa, kuma sauƙin izini da filin da za a kafa ta yanzu magana ce da za a iya gamawa a Kaduna.

Na ce zan dawo kan batun jiha ta zama mai saye. A 2022 kamfanin Zipline na Amurka ya fara kai magunguna da jini da rigakafi asibitoci da jirage marasa matuƙi daga cibiyarsa ta Pambeguwa, saboda gwamnatin Kaduna ta ƙulla yarjejeniya da shi ta ce za ta yi amfani da aikinsa. Babu kamfanin fasaha da ke girma da horo kaɗai. An yi horo da yawa: cibiyar KAD ICT Hub, da shirin Click-On Kaduna da aka yi da Bankin Duniya, da CoLab da 'yan kasuwa suka kafa a 2016, ga kuma shirin 3MTT na tarayya na koyar da matasa fasahar zamani da Minista Bosun Tijani ya ƙaddamar a 2023. Amma yawancin cibiyoyin a cikin Kaduna suke, kilomita kusan tamanin daga Zariya, inda ɗalibai suke. Zariya ce ke da Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, da cibiyar kwamfuta ta Iya Abubakar, da Kwalejin Nuhu Bamalli, da makarantar koyon tuƙin jirgin sama, da cibiyoyin binciken noma na IAR da NAERLS, da ta binciken dabbobi ta NAPRI a Shika. Duk shekara ana yaye matasan da za su iya rubuta manhajar ajiye bayanan marasa lafiya a ƙananan asibitoci, ko ta rajistar manoman da za a raba wa taki, ko ta biyan kuɗin rumfa a kasuwa. Abin da ke hana su samun irin wannan aiki sharuɗɗan kwangila ne: shekarun gogewa, da takardun haraji na shekara uku, da shaidar manyan ayyukan baya, waɗanda kamfani ɗan shekara ɗaya ba zai taɓa cikawa ba. Gwamna Uba Sani ya ba da ƙarfi wajen buɗe wa talakawa asusun banki tun 2023, kuma kowane sabon asusu abokin ciniki ne ga wani mai manhaja. Sakin layi ɗaya a dokar sayen kayan gwamnati ta jiha, da zai ware ƙananan ayyukan fasaha na ma'aikatu da na ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari ga kamfanonin da ke da rajista a jihar, a kuma biya su cikin wa'adi, zai riƙe matasa fiye da taron bita goma.

Matashin da na tarar a shagon bai tafi ba tukuna. Da na sake bi ta wurin, na same shi a bayan kanta da kwamfutarsa, ya jona ta a batirin solar mai shagon, yana haɗa wa wata makarantar Islamiyya ta Tudun Jukun manhajar fitar da sakamakon ɗalibai. Ya ce mini, "Yaya, wannan ce ta uku a watan nan." Na tambaye shi ko ya yi wa kamfaninsa rajista. Ya ce yana jira makaranta ta biyu ta cika masa kuɗinsa.